Ƙarar da Kyaftin Ya Ji

"Ƙarya yake yi, likita! Gwada shi da ƙarfen nan naka," in ji Kyaftin Obrad.

Radoje, saurayin da aka kawo gwajin ɗaukar soja, ya kafa wa bango ido. Yayyensa biyu sun tafi yaƙin nan, hulunansu kawai aka dawo wa tsohuwarsu da su. Shi ya sa ya zama kurman ƙarya. Idan asirinsa ya tonu, yau jirgin ƙasa zai kai shi bakin daga.

Likita ya ɗauko ƙarfen gwajin ji mai ƙaho biyu. Radoje ya san halinsa: da an buga shi sai ya kama rawa yana fitar da siririn amo, mai ji kuwa sai ya ƙifta ido ko bai so ba.

Likita ya buga shi a gwiwa, ya kawo shi kusa da kunnen saurayin. Radoje ya cije haƙora yana jira, amma bai ji komai ba.

Ya saci kallo. Ashe likita ya danne ƙahonnin da babban yatsa, ya kashe rawar tun ba ta fara ba. Radoje ya ce a ransa, shi ke nan. Ɗakin tsit yake, dole Kyaftin ya gane, kuma yanzu su biyu za a kama.

Kyaftin, wanda ya tsufa a gindin igwa har ƙararta ta cinye masa ji, amma ba ya so a sani, ya gyara tsayuwa, ya ja tsaki.

"Kai! Ƙarar nan har cikin ƙwaƙwalwata nake jin ta, amma gaulan nan ko gezau. Ku kora shi gida. Me soja zai yi da kurma?"