Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Suna na goma sha tara ke nan yarinyar ta rubuta, kwamfuta ta sake amsa mata da jan rubutu: wani ya riga ya kama.

Tun hantsi take zaune gindin darbejiyar gidansu a Yako, inda sabis ya fi ƙarfi, tana nema wa makarantarsu ta koyar da haɗa manhaja adireshi a intanet. Yayanta ne ya tsara darussan, shi ya koya mata komai, kafin mota ta buge shi a kan babur a hanyar Ƙiru, bara da damina. Duk sunan da ya taɓa ambata ta gwada, babu wanda ya rage.

"Inna, na gaji. Kowane suna da mai shi."

Inna tana gefe tana tsintar wake a faifai. Marigayin ɗan farinta ne, don haka shekara ashirin da takwas kunya ba ta bar ta ta kama sunansa ba. "Yayanku" take cewa, ko "wancan yaron". Ko ranar da aka fita da makararsa, "yayanku" ta ce.

Hannun Inna ya tsaya cikin waken.

"Gwada Mujitaba."

Yarinyar ta rubuta. Rubutun ya koma kore.

"Ya samu, Inna."

Inna ba ta dube ta ba. Ta juya wajen zaure ta sake kiran sunan, da ƙarfi wannan karon, ta kasa kunne tana jira a amsa.