Zaren da Baduku Ya Ɗinke

Ka ce alƙalan ƙwallo suna lallaɓa gwanaye, ɗan'uwa: a taɓa gwani a busa usur, a tattake wanda ba shi da suna a kau da kai. Haka ne, kuma ba yau aka fara ba. Bari in ba ka misali da abin da na gani a wani gari, lokacin da ƙafata ke iya tafiya. Sunan garin ya ɓace mini. Na dai tuna an gama girbin gero, kuma akwai wata tsamiya a bakin fili.

A garin akwai wani ɗan dambe, ɗan mahauta, wanda ya shekara bakwai gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ko tara ce? Allah ne masani. Saboda shi fili ke cika, saboda shi masu kalangu ke zuwa daga nesa. Ka san yadda dambe yake: ana naɗe hannu ɗaya da ƙyalle, a bi shi da zare har ya yi tauri kamar dutse, kuma in zaren ya kwance ana cikin karawa, alƙali kan tsayar da wasa har a sake naɗawa. To, alƙalin garin dattijo ne, yana son gwanin nan kamar ɗan cikinsa, yana kuma tsoron ranar da zai faɗi fili ya watse. Sai ya zamana duk sanda aka sami gwanin da naushi, ƙafarsa ta fara rawa, sai alƙali ya busa usur, ya kama hannunsa, ya ce zare ya kwance. Wani lokaci ya kwance ɗin. Wani lokaci yatsan alƙali ne ke taimaka masa. Kafin a warware a sake naɗawa, jiri ya saki gwani, abokin karawarsa kuma jininsa ya huce. Kowa na gani, kowa na gunaguni, gwanin kaɗai ne bai sani ba, yana zaton zaren kasuwarsu ne ba shi da kyau. Ran nan ya tsaya shan fura yana taƙama, sai tsohuwar da ke damawa ta dube shi ta ce, "Sannu, mai ƙafa uku. Biyu naka, ta ukun tana bakin alƙali." Mutane suka fashe da dariya. Shi kuwa ya ajiye ludayi. Nan take ya gane cewa duk nasarar shekarun nan, ba wanda zai iya rantsuwa tasa ce, har shi kansa.

Bai je ya yi wa alƙali faɗa ba, don sa'an mahaifinsa ne. Ana nan sai wani baƙon ɗan dambe ya sauka a garin, dogo, mai hannu kamar taɓarya. Ranar da za su kara, dab da la'asar, gwanin ya naɗe hannunsa, ya wuce rumfar baduku, ya ɗora hannun a kan gwiwarsa, ya ce a ɗinke zaren. Baduku ya gargaɗe shi cewa hannun zai kumbura, kuma ba abin da zai kwance shi sai wuƙa. Ya ce ya ji. Baduku ya ɗauki basilla ya bi zaren layi-layi, har ya ɓatar da bakin zaren.

Ni ba mai kallon dambe ba ne, hanya ce ta biyo da ni, amma na tsaya. A turmin farko baƙon ya same shi a muƙamuƙi. Daga ƙarƙashin tsamiya na ji ƙarar, kamar an fasa tulu. Ƙafafun gwani suka yi rawa. Alƙali ya busa usur, ya rugo, ya kama hannun yana laluben bakin zare da yatsa. Babu baki. Ya juya hannun, sai ya ga ɗinki. Ya ɗaga kai ya dubi gwani, gwani ya dube shi. Dattijon ya saki hannun a hankali, ya ja da baya. Masu kalangu suka daina kiɗa ba tare da an ce su daina ba.

Subhanallahi, abin da na gani bayan nan! Baƙon ya yi ta dakansa kamar sakwara. Ido ɗaya ya rufe, jini na ɗiga daga haɓa. Sau biyu gwani ya sunkuya har na ce gwiwa ta taɓa, tsakaninta da ƙasa bai wuce kaurin yatsa ba, sai ya miƙe kamar daga sama ake jan sa da igiya. A turmi na uku shi ne ke bin baƙo da naushi, baƙo na ja da baya. Aka tashi ba wanda ya kayar da wani, fili kuwa tsit, har kana jin numfashinsu. Da baduku ya zo da wuƙa don yanka zaren, baƙon ne ya durƙusa ya riƙe masa hannun. Hannun ya fito baƙi wuluk, ya kumbura kamar tukunya. Baƙon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Wanda ya ce mini usur ke riƙe da kai, bai taɓa dukanka ba."

Nasarorinsa na shekara bakwai da aka ba ni labari, ko ɗaya ba na tunawa, mutanen garin ma ba su kan ambace su ba. Wannan karawa da bai ci ba ita ce ta sa masa suna. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.