Nauyin da Ba A Gani

"Baba, har yanzu ba mu gano shi ba," in ji Ummulkhairi. Tana jingine da katanga, rana na dukan abayarta.



Tun da ta bar unguwarsu ta Aziziyya a Makka ta tafi Turai aikin binciken kimiyya, duk wayar da suka yi tambayarsa ɗaya ce: "Kun gano ɓoyayyen abin naku?" Ita kuma sai ta sake yi masa bayani. A wani dogon rami ƙarƙashin ƙasa suke gwara ƙwayoyin zarra da juna, suna neman wani abu da ya cika sararin samaniya. Ba ya haske, ba ya ganuwa, nauyinsa kawai ake ji.

"Na san ka yi ta kira. Ana tsakiyar gwaji ne, na kashe wayar. Na ce in sakamako ya fito sai in kira ka da albishir." Ta shafa katangar. "Babu abin da ya fito, Baba."

Ƙanenta Mish'al ya fito daga ƙofa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Yaya, wallahi na duba. Ranar jana'izar mutane sun yi yawa, ban riƙe layin ba. Duwatsun duk iri ɗaya ne, babu mai suna."

"Bari in shiga da kaina."

"Kin san a nan Makka ba a barin mata shiga maƙabarta."

Ta juya ta dubi katangar. Ko wajen da za ta fuskanta ba ta sani ba. Nauyin kawai take ji.