Dalilin da Ya Sa Muke Kiran Ƙanena Audi

Ina 'yar firamare aka haifi ƙanena, bayan rasuwar babanmu da 'yan watanni. Sunan marigayin aka raɗa masa, amma kowa a gidanmu na unguwar Gwallaga Audi yake ce masa.

Wata la'asar na tarar da Inna, kakata ta wajen uba, tana shafa masa man kaɗanya a tsakar gida. Har yau in na ji ƙanshin man nan sai in ga tafin hannunta a gadon bayansa. Na tsuguna na tambaye ta me Audi yake nufi.

Ta ce, "Yaron da ya zo duniya bai tarar da ubansa ba."

Raina ya ɓaci. Na ce ni kam ba zan kira shi da sunan da zai riƙa tuna wa Mama mutuwa ba.

Inna ba ta daina shafawar ba. Ta ce, "Uwarki ba sai an tuna mata ba, 'yar nan. Mutanen waje ake gaya wa. Duk babban da ya ji sunan nan, in ya ɗaga hannu zai dake shi, sai ya sauke."

Ta miƙo min shi, ta ce in kira shi. Na kira.

Yanzu Audi magidanci ne, da shagon ɗinkinsa. Kwanaki matarsa ta so a koma kiransa da sunan yanka, ni na fara cewa a'a. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce a bar masa abinsa, rabin unguwar nan saboda sunan suka yi rainonsa.