Sakatar Ƙofar Benci

Duk ranar Asabar Sayat ne ke goya Darhan daga hawa na uku zuwa gidan wankan tururi, ya cuɗa masa baya, ya maido shi gida. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, mutanen garin Oskemen sai yaba wannan abota suke. Shi kuwa Sayat yabon ƙona shi yake.

A wasan hokin ƙanƙara, golan da ba ya wasa shi ke tsaron ƙofar benci, wurin zaman 'yan wasa a gefen fili: ɗan wasa na fita, ya ja sakata. Ran da abin ya faru Sayat ne a bakin ƙofar, amma hankalinsa na wajen Gulsim cikin 'yan kallo, wadda yau ita ce uwar 'ya'yansa. Aka bangaji Darhan, abokin wasansa, a guje, ya faɗa wa ƙofar, ta buɗe, ƙashin bayansa ya daki ginshiƙi. Bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Da masu bincike suka zo, Darhan ya ce bai tuna komai ba. Sayat ya rantse ya rufe, alhali shi kansa bai sani ba.

Da Sayat ya ajiye sandar hoki ya zama koci, yara suka gane halinsa. Ka ɓarar da ci, dariya zai yi maka. Ka bar sakata a zare kuwa, sai ka raina kanka. Manyan ƙungiyoyi suka yi ta nemansa yana ƙi, Gulsim ta yi mita har ta gaji. Darhan ma yakan ce ya tafi, amma can ƙasa-ƙasa, idonsa a kan kofin shayi.

Bana aka kira Sayat aikin koci a babban birni, aka kuma gaya masa ƙarara cewa shekarunsa sun ja, daga wannan ba wani kira. Ya ƙudura zai sake ƙi. Sai dai ya gaji da cin yabon da bai cancanta ba.

Sun dawo daga wanka, Darhan na zuba shayi da madara yana tsokanarsa wai tsohon gola mai ɗumama benci ya fara haki a matakala. Sayat bai yi dariya ba.

"Darhan, ba kirki ne ke kawo ni gidan nan ba. Ina jin ni na bar ƙofar nan a buɗe. Shi ya sa ba inda za ni."

Darhan ya ajiye butar.

"Sauran abokan wasanmu ko shekara ba su cika suna zuwa ba," ya ce. "Na san abin da ke kawo ka, shi ya sa na ja bakina. Je ka karɓi aikinka, Sayat. A gabana ka rufe ƙofar nan. Ni na miƙa hannu na zare sakatar don in fito daga fili in huta, sai na hango ƙwallo, na koma na bar ta a zare."