Bencin Baya a Makarantar Bayan Kasuwa

Tun kafin ya kashe babur ya fara jiyo hayaniyar makarantar bayan kasuwa. Ɗan Digiri ake ce masa a ofishin ilimi, don ba ya buɗe baki sai da sabuwar dabara. Aiki ɗaya aka ba shi: ya gano abin da ya sa makarantar kan tudu take lashe jarrabawa duk shekara, wannan kuma kullum ita ce ta ƙarshe. In ya ce laifin shugabar ne, to kujerarta ta tafi.

Shi dai ya riga ya yanke hukunci. Jiya ya zaga makarantar kan tudu, ko'ina tsit, ko'ina fes, ajin ƙarshe har da kujerun da ba kowa. "Ƙwaƙwalwa ma tana son iska," in ji shugaban can, yana murmushi. Can ƙanwarsa Auta take karatu, da ita yake cika baki a ofis. Ya leƙa bai gan ta ba, aka ce wataƙila tana ɗakin gwaji. Dama kwanan nan ta daina yarda ya rage mata hanya, da ya yi ƙorafi Umma ta ce, "Kai dai ƙyale ta."

Nan kuwa mutum huɗu ne a benci guda. Rigunan ma ba iri ɗaya ba ne, wasu aljihunsu duk hujin allura, kamar an ɓalle bajen wata makaranta.

"Malama, wannan aji ne ko tashar mota?"

"Ranka ya daɗe, ban iya korar ɗan mutane ba," in ji shugabar.

"Shi ya sa kuke ƙasa. Gara ki fara haɗa kayanki."

Ba ta yi musu ba. Ta goge alli a hannunta, ta ja shi zuwa bencin baya, inda wata yarinya ta kifa kai ta ƙi motsi.

"Baƙinmu na bana ke nan. Duk shekara ana gab da rajistar jarrabawa kan tudu suke tankaɗe, wanda suke tsoron zai ɓata musu sakamako su koro shi. Ni ke karɓa."

Yarinyar ta ɗago da jajayen idanu.

"Yaya," in ji Auta.