Agogon Kano a Siton Kumasi

Lawwali, ka ce in duba maka aikin nan, na kuwa duba. Ya yi kyau, ban ƙi ba. Sai dai na ga manhajarka tana rubuta ƙarfe kaza tsirara, ba ta faɗin agogon wane gari ne, da na yi magana kuma ka ce ai za ka ƙara daga baya. To, gyara zama in ba ka wani misali.

Wani attajirin goro ne a Kano yake da sito a Kumasi, inda ake tara masa kaya kafin mota ta ɗauko. Ya sa aka liƙa wa ƙofofin siton wasu 'yan na'urori, duk sanda aka buɗe ko aka rufe sai su aiko da labari. Sannan ya ɗauki wata mai rubuta manhaja ta haɗa masa abin da zai riƙa jera labarin layi-layi yana gani a wayarsa. Ɗalibata ce, a gabana ta fara taɓa kwamfuta, kuma ba na jin kunyar cewa ina tinƙaho da ita. Da ta zauna kan aikin sai ta hango abin da kowa ya tsallake. Na'urorin farko a Kano aka saye su, aka saita musu agogo kafin a tura. Da wasu suka lalace, sai aka maye gurbinsu da na can, masu bin agogon can. Ka kuwa san Kano tana gaban Kumasi da awa guda. Sai ta kafe cewa babu layin da zai shiga sai da shaidar agogon da ya rubuta shi. Ta bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya tana tantancewa, ta yi ta gwaji, yau ta mai da agogon kwamfutarta Kumasi, gobe ta dawo da shi Kano, jibi ta kai shi ƙarshen shekara ta ga ko layukan za su cakuɗe. Attajiri ya ƙosa, yana ta mita wai shi goro yake sayarwa, ba agogo ba. Abokin aikinta ma ya ce ta saki abin haka nan, in buƙata ta taso a ƙara. Ita kuwa da taurin kai irin na malaminta ta dube shi ta ce, "Layin da aka rubuta yau babu shaida, wa zai gaya maka baɗi da agogon wa aka rubuta shi?"

Ana nan ana nan, ran wata Juma'a aka nemi huhun farin goro biyu a ɗakin ciki aka rasa. Mutum biyu ne ke riƙe makullin ɗakin. Ƙanin matar attajirin ke riƙewa da safe, in sha biyun rana ta yi ya miƙa wa wani dattijo, mutumin da ya tsufa a siton nan ba a taɓa kama shi da ko ƙwaya ɗaya a aljihu ba. Attajiri ya duba waya a fusace, ya ga sau ɗaya tak aka buɗe ƙofar ranar, da sha biyu da rabi. Shi ke nan, ya yanke hukunci: makulli na hannun tsoho. Ya aika a karɓe makullin, a kuma gaya masa kada ya sake taka siton. Kafin la'asar magana ta gama zagaya Zango, unguwar Hausawan Kumasi. Dattijo ya shige gida ya rufe ƙofa, ko masallaci ya kasa fita, domin ba rasa aikin ne ya fi yi masa ciwo ba, a ce da furfurarsa ɓarawo.

Da labari ya iske ɗalibar tawa, ba ta yi dogon surutu ba. Ta ce wa attajiri ya koma kan layin ya karanta shi har ƙarshe. Ya koma, sai ga shaidar nan da ya yi ta mita a kanta, ɓaro-ɓaro: agogon Kano. Na'urar ɗakin ciki tana cikin na farkon nan da aka saita a gida. Sha biyu da rabi a Kano kuwa sha ɗaya da rabi ce a Kumasi, makulli bai bar hannun surukinsa ba. Da aka matsa wa surukin, bai ja da nisa ba ya fito da goro. Attajiri da kansa ya hau mota har Kumasi, ya durƙusa a ƙofar gidan dattijo ya nemi gafara, ya mayar masa da makulli a gaban jama'a. Dattijon ya aiko wa yarinyar da ƙwaryar goro, ita kuma ta ɗebo mini nawa har gida. Wallahi ban taɓa cin goron da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

To ka gani, Lawwali. Da ta bi shawarar a ƙara daga baya, da layin nan ya tsaya tsirara, babu gwanin da zai iya dawo masa da shaidarsa, kuma da tsoho ya shiga kabari da sunan da ba nasa ba. Ɗauki kwamfutarka ka je ka gyara tun laka tana ɗanya. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, tun ran gini, tun ran zane.